Kufai a Cikin Na'ura

Ranar wata Litinin, a shekarar da aka karya darajar sefa, ma'aikatan porjen makiyaya na Tawa, wato shirin tallafa wa makiyaya, suka zo biro, ofishinsu, suka tarar taswirar burtali ta ɓace. Ba a fasa ƙofa ba, ba a ɓalle taga ba, ko allura ba a ɗauka ba. Na'urar odinater, wato kwamfuta, tana kan teburinta, lulluɓe da zanen atamfa kamar kullum. Abin da ke cikinta ne ya yi ɓatan dabo, aikin rani biyu cur: kowace hanyar dabbobi da kowace rijiya, tun daga Bambeye har bayan Takanamat.

Kafin azahar labari ya gama gari, kuma kamar yadda aka saba a Tawa, wanda bai taɓa ganin odinater ba shi ya fi kowa sanin yadda aka yi. Lokacin tawaye ne a arewa, hanyar Agadas ba ta biyuwa sai da rakiyar soja, albashi ya yi watanni bai leƙo ba. Mutane a tsorace suke kuma a yunwace, irin zaman da kowa ke kallon maƙwabcinsa da wutsiyar ido.

Mushe Nasiru, direkten porjen, ya aika a kira Ciɗo.

Ciɗo mai bin sawu ne, dattijo dogo mai furfura a gemu, wanda ya yi suna wajen gano raƙuman sata har cikin Azawak. Ya san ya iya, kuma ba ya jiran a yabe shi, da kansa yake farawa. Sunan Ciɗo ya bi shi tun yana goye, har sunansa na yanka ya nutse, ba mai riƙe da shi sai 'yan cikin gidansa. Taswirar nan kuwa da guminsa a ciki, domin shi ya yi wa porjen jagora a daji. Yana gaba a kan raƙumi yana nuna tsofaffin hanyoyi, Attaher mai zanen taswira yana biye yana aunawa.

Da ya iso ya tarar da farfajiyar biro cike da 'yan kallo, ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Kun kira mai bin sawu, kun kuma kira garin Tawa duka su tattake mashi ƙasa," ya ce. "Mi kuka so in karanta nan? Sawun mai tallan ƙosai?"

Ya tuɓe takalmi ya shiga ɗakin na'urar, ya daɗe yana kallo bai taɓa komai ba. An zare wayar wuta daga bango, yadda dokar biron ta ce saboda wutar gari mai zuwa da hauka. An mayar da zanen an soke gefensa. An tura kujera ƙarƙashin tebur, an kulle ƙofa. Haka aka ce masa an tarar da ɗakin da safe, haka kuma aka mayar da komai bayan an duba na'urar.

"Ɓarawo ba shi lulluɓe abin da yab ɓata," in ji Ciɗo da ƙarfi, don na waje su ji. "Wanga aiki na ɗan gida na. Su wa ad da makulli?"

Mutum huɗu ne. Mushe Nasiru ya kwana a hanyar Yamai, sai da safen nan ya iso. Shamsiya mai kula da na'urar ta yi Lahadi a Kalfu wajen biki. Isma'ila kontabul mai riƙe da lissafin kuɗi, mijin Balkisu ɗiyar Ciɗo, an yi masa haihuwa ranar Juma'a, namiji bayan mata biyu, gidansa cike da 'yan barka. Saura Attaher, Ba'abzine ɗan arewa, wanda ke zaune shi kaɗai a ɗakin haya.

Ba wanda ya ambaci sunansa, amma idanu suka juya gaba ɗaya. Can wani daga cikin taron ya ce ai taswirar ta nuna rijiyoyin da 'yan tawaye ke shan ruwa, Buzun ya goge ta ne kada soja su samu. Maganar ta kama kamar wuta a shuci. Ajidan, wato hafsan jandarma, wanda ke tsaye yana sauraro, ya tambaya ko Attaher ya yi baƙi kwanan nan. Isma'ila ya ce, yana kallon ƙasa, ya ga wasu masu rawani biyu sun zo wurinsa makon jiya.

Aka tafi da Attaher. Ajidan ya rufe ɗakin na'urar da kwaɗo nasa, ya ce in ba a sami wata magana ba, ranar Alhamis za a sa shi a motar Yamai, can manya su bincika. Kowa ya san wanda ya shiga motar nan da sunan tawaye, komawarsa gida sai wani ikon Allah.

Ciɗo ya koma gida ba daɗi. Da bakinsa ya ce ɗan gida ne, yana taƙama, sai ga maganar ta faɗa a kan mutumin da suka yi rani biyu suna shan shayi a kofi ɗaya.

Da la'asar ya je jandarmari. Ya tarar da Attaher zaune a kan tabarma, an karɓe masa rawani, kansa a waje. Ciɗo bai taɓa ganin bakinsa ba sai ranar, ya ji kunya ta kama shi, ya kawar da kai.

"Ina kake ran Lahadi?"

"Ɗakina. Zazzaɓi nika yi."

"Wa yag gane ka?"

"Allah."

"Masu rawanin hwa?"

"Kawuna na da ɗanai. Sun kawo tsohuwa likita, idonta ka ciwo." Attaher ya ɗaga kai. "Baba Ciɗo, kai ka san ƙafafuna sun tsage wajen aikin ga. Ni zan goge shi?"

"Ban ce kai na ba."

"Ba ka ce ba ni na ba."

Ciɗo ya fito yana jin nauyin maganar. Gaskiya ita ce shi ma zuciyarsa ba ta gama wanke Attaher ba. A daji yakan ga yaron ya yi shiru yana kallon arewa, kuma wa ya san abin da ke cikin ran mai shiru? Zato zunubi ne, ya sani, amma a shekarar nan kowa da shi yake kwana. Kashegari da safe ya sake komawa ya maimaita tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya, ko amsa za ta canza. Ba ta canza ba.

Daga nan ya nufi wanda ɓatan taswirar ya fi yi wa daɗi. Alhaji Almustafa babban ɗan kasuwar albasa ne, ya kuma kewaye wata gona kusa da Takanamat wadda makiyaya suka rantse ta cinye burtali. Ana shirin zaman sulhu, kuma taswirar ce za ta raba gardama.

Ciɗo ya same shi a rumfarsa cikin buhuna, yana cin goro yana faɗa da 'yan dako.

"Alhaji, an ce taswira ta ɓace."

"Na jiya. Allah shi ƙara." Ya yi dariya har tumbinsa na rawa. "Kak ka dube ni haka, Ciɗo. Na yi murna, ba ni ɓoyewa. Amma ni wallahi sai jiya niji wai cikin akwatin ga take. Ni cewa nike babbar takardar da ke manne ga bango ita ta, ashe wagga tsohon gwaji ta."

"Mai kuɗi ba shi buƙatar sanin hanya. Shina sayen wanda yas sani."

"To wa zan saya? Buzun ko gaisuwata ba shi amsawa da kyau. Yarinyar ubanta alƙali na. Direkte ɗan wata jam'iyya na daban, ko ga maciji ba mu yi." Ya tofar da goro, ya ƙanƙance ido. "Saura surukinka. Shi ka tambaye shi?"

Ciɗo ya miƙe tsaye ya kaɗe riga. "Alhaji, bakinka ya hi albasarka yaji."

Ya tafi a fusace. Tambayar suruki? Shi da Isma'ila ko ido ba sa haɗawa. Yaron in ya hango shi tun daga nesa yake tuɓe takalmi ya durƙusa, gaisuwa ce kawai tsakaninsu shekara da shekaru. Ciɗo ko sunansa ba ya kira, sai dai ya ce Baban Safi, da sunan babbar jikarsa. Ya zai zaunar da mijin ɗiyarsa, mai jego a ɗaki, ya ce masa ina kake ran Lahadi? Abin ko a tunani bai yi masa kyan gani ba, sai ya ture shi gefe.

Ya bi ƙafar Alhaji yini guda. Ya tambayi direbansa, ya tambayi yaran shagonsa, ya leƙa har wurin mai gyaran makulli na bakin kasuwa. Bai samo komai ba sai ciwon ƙafa.

Ranar Laraba ya koma kan Haruna, mai gadin biron, wanda tun ran farko ya rantse bai gusa daga bakin ƙofa ba. Ciɗo ya zauna kusa da shi a benci, ya ɓare goro ya ba shi rabi, suka yi hirar tsadar hatsi. Can ya nuna wata 'yar akuya ja da ke ɗaure a gindin bedi, wato dogon yaro.

"Wagga ban san ta ba."

"Sabuwa ta."

"Igiyar wuyanta irin ta dillalan Bambeye ta. Su kuwa sai ran Lahadi suka zuwa kasuwar Tawa." Ciɗo ya ci gaba da taunar goronsa. "Ko ita taz zo da kanta tac ce ka saye ta?"

Haruna ya waiga ya ga ba kowa kusa. Ya roƙi Ciɗo don Allah kada direkte ya ji, yana da iyali. E, ya je kasuwa bayan azahar, ya ɗan daɗe ana ciniki. Da ya dawo ƙofar biro a rufe take, amma ya ji na'urar bugun takarda tana kuka a ciki, kiiii-kiiii, yadda take yi. Ya ɗauka wani ma'aikaci ne ke aikinsa, shi kuma ba ya son a gan shi da akuya, sai ya zagaya ya ɗaure ta ya wuce masallaci. Da ya dawo daga la'asar shiru, ba kowa.

"Ba ka ga mota ba? Babur?"

"Ko keke ban gani ba."

Ciɗo ya juya maganar a ransa. Shi dai bai san odinater ba, amma ya san ɓarna. Wanda ya zo kashe rijiya yana jefa mushe ya ruga, ba ya zama ya yi wanki.

Ya sami Shamsiya a gidansu, zaune a zaure ta haɗa kai da gwiwa. Ta yi karatun na'ura a Yamai, ita ce ta fara lura taswirar ba ta nan, kuma tun ranar ba wanda ya ƙara tambayarta komai sai inda ta yi Lahadi.

"Ɗiyata, in mutum za shi goge abu cikin akwatin ga, sai ya buga takarda?"

"A'a, Baba. Gogewa ƙiftawar ido ce, ko ƙara ba ta yi."

"To an buga takarda ran Lahadi."

Ta miƙe zaune sosai. "Wa ya ce?"

"Bar wanda yac ce. Hwaɗa mini yadda abin ga ka gogewa, da Hausa, ba da nasaranci ba."

Ta ɗauki tsinke ta zana ƙananan gidaje a ƙasa, jere-jere. Ta ce a cikin na'urar akwai faifai, an yanka shi gida-gida haka. Kowane aiki da aka ajiye yana kama gidajen da suka ishe shi, na'urar kuma tana riƙe da sanin wane gida na wane ne. In aka ce ta goge abu, ba ta wahalar da kanta ta share gidajen. Sai kawai ta sauke sunan mai su, ta ce nan ba kowa, duk mai so ya zo. Amma kayan suna nan kwance har ranar da wani sabo ya zo ya zauna a kai.

"Kufai ke nan," in ji Ciɗo.

"Kufai, Baba. An tashi, amma murhu da toka suna nan. Shi ya sa ran Litinin ina gani na kashe ta, na ce kada kowa ya kunna. In ba a zauna bisa gidajen taswirar ba, ina iya maido ta. Na gaya wa direkte, ya ce ni ma ina da makulli, ba za a bar ni in taɓa ba."

"In an zauna hwa?"

"Ta tafi ke nan. Sawun giwa ya taka na raƙumi." Ta sake duban zanenta. "Amma faifan ya kusa cika tun watan jiya, kullum sai ya yi mini ƙorafi. In wani ya zo yin aiki ya rasa wuri, abin da ya fi girma zai cire, kuma ba abin da ya kai taswirar girma. Ƙila ba ɓarna ta kawo shi ba, wuri yake nema."

"Kuma in ya gama, shi goge nashi aikin, shi tahi."

"Shi ma nashi kufan yana nan. Shi ne a sama, ba wanda ya zo bayansa."

Ciɗo ya zabura, irin yadda yakan yi in ya tsinci sawu bayan ya fid da rai. Sawun giwar yake so ya gani. Ya tafi wurin ajidan kai tsaye, ya yi ta magiya, har mutumin ya yarda a buɗe na'urar gobe da safe kafin motar Yamai ta tashi. Sharaɗinsa ɗaya, a yi a gaban kowa, don kada a ce an yi wani ƙulli.

Ranar Alhamis da hantsi ɗakin na'urar ya cika. Ajidan yana tsaye bakin ƙofa, Attaher na gefensa da ankwa a hannu. Mushe Nasiru ya harɗe hannuwa a ƙirji. Alhaji Almustafa ya zo ba a gayyace shi ba, ya ce sunansa aka ɓata a gari, sai ya ga ƙarshen abin. Haruna ya raɓe a lungu. Isma'ila ya durƙusa ya gaida surukinsa, ya koma can bayan kowa ya tsaya. A waje motar Yamai tana jira, direban yana duba taya.

Shamsiya ta sa wani disket nata, ɗan ƙaramin faifan da ake zura wa na'ura, ta kunna ta. Ta daɗe tana danne-danne. Can ta girgiza kai.

"Taswirar ta tafi. An zuba wani abu mai girma bisa gidajenta, irin abin da ake ƙawata takarda da shi, sannan aka goge shi. Amma ga wani ƙaramin aiki, shi aka yi daga ƙarshe. Ba duka zai dawo ba, gidajensa a warwatse suke."

"Buga muna abin da yad dawo," in ji ajidan.

Na'urar bugun ta fara kukanta. Haruna ya runtse ido. Takarda ta fito a hankali, samanta da ƙasanta duk tarkacen baƙaƙe marasa ma'ana, amma tsakiyarta tsaf: zanen furanni a gefe da gefe, da layi biyu na manyan baƙaƙe. Ajidan ya yago ta daga na'urar ya ɗaga.

"Abdulrahim," ya karanta. "Ranar Juma'a. Ga kwanan watan gobe."

Saura kaɗan Ciɗo ya ce na'am.

Rabonsa da jin sunan nan a bakin wani tun rasuwar mahaifiyarsa.  Gobe Juma'a, gobe ne sunan jikansa. Sunan jariri kuwa ba mai saninsa kafin a raɗa shi sai uban. Ashe takwara za a yi masa, ashe yaron nan kati ya zo bugawa irin na 'yan Yamai, da furanni, don a raba wa mutane bayan an shafa fatiha. Murna da baƙin ciki suka haɗe masa.

"Wa a Abdulrahim?" ajidan ya tambaya, yana bin fuskoki da kallo.

Ba wanda ya sani. Mushe Nasiru ya ce babu mai wannan suna a porjen. Alhaji Almustafa ya tafa hannu.

"Ku ji mini! Suna da rana. Wanga ai saƙo na. Wani babbansu na za shi shigo gari gobe, lokacin da kowa ke masallaci. Furannin don a ɓad da ƙafa na."

Ajidan ya juya ya dubi Attaher, fuskarsa ta canza. "Wa a shi? Ina za ku gamuwa?"

"Ban san shi ba," in ji Attaher.

"Can Yamai ka tuna." Ajidan ya ninke takardar ya kama hannunsa.

Ciɗo ya saci kallon bayan ɗaki. Isma'ila ya jingina da bango, idonsa a kan surukinsa karo na farko tun da aka ɗaura aure. Roƙo ne tsantsa a cikin idon. Ciɗo ya gane in ya yi shiru shi ke nan, ba mai ƙara tono maganar. Katin ba zai fito ba, za a sa wa yaro wani suna, Balkisu za ta yi wankan jegonta cikin kwanciyar rai. Ya tuna 'yan jikokinsa mata, ya tuna wahalar samun aiki a wannan zamani. Ya so ya yi shirun, har ga Allah ya so.

Ankwar hannun Attaher ta yi ƙara a jikin ƙofa.

"Dakata, ajidan," in ji Ciɗo. "Ni a Abdulrahim."

Kowa ya juyo.

"Sunana na yanka ke nan. Cikin garin ga ba mai riƙe da shi sai ɗiyana da wanda ya auri ɗiyata. Gobe ana suna gidan Balkisu." Ya juya, ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya dubi surukinsa ido cikin ido ya kira sunansa. "Isma'ila. Ina kake ran Lahadi bayan azahar?"

Isma'ila ya sulale ya zauna a ƙasa.  Ya ce wani abokinsa ya kawo masa abin yin kati daga Yamai. Ya saci jiki daga cikin 'yan barka, ya zo a ƙafa ta bayan gari. Na'urar ta ce ba wuri. Ya san akwai kwafin taswirar a disket cikin kabad, an ma rubuta a jikinsu, sai ya cire ta da niyyar in ya gama ya mayar. Da ya gama ya ɗauko disket ɗin, ya tarar rahotannin wata-wata ne a ciki.

"Tun da kaya sunka yi tsada muke sake amfani da tsofaffin," in ji Shamsiya a hankali. "Na nemi sababbi, ba a saya ba. Ban canza rubutun jikinsu ba."

"Na so in faɗa ran Litinin," in ji Isma'ila yana kuka. "Wallahi na so. Da na ga taro, na ji ana maganar tawaye, tsoro ya kama ni. Baba, don in girmama ka na yi."

"Gogewar kuskure ta," in ji Ciɗo. "Kowa na yin kuskure. Masu rawanin da kac ce ka gani hwa? Su ma don ka girmama ni na?"



Ajidan ya ciro makulli ya kwance ankwar daga hannun Attaher. Ya ce wa direban motar Yamai ya kama hanya. Sannan ya ce wa Isma'ila ya tashi su je, akwai maganar ɓata kayan aiki, akwai kuma ta jefa mutum cikin abin da ya san bai yi ba, kuma wannan ta biyun ba ta ƙarewa yau ko gobe. Alhaji Almustafa ya fice yana gyara babbar riga, shi kaɗai ne ya ci riba a zaman, tunda taswira dai ba ta dawo ba.

A farfajiya aka miƙo wa Attaher rawaninsa. Ya tsaya a gindin bedi yana naɗawa a hankali, har ya rufe bakinsa, sannan ya dubi Ciɗo.

"Na gode, Baba Ciɗo. Na san abin da yac ci maka."

"Hanyoyin na nan cikin kaina," in ji Ciɗo da sauri. "Bayan damina sai mu sake hita, ni da kai. Rani guda ya ishe mu."

Attaher ya girgiza kai. "Gida za ni. Ran Litinin mutum nawa ke tsaye nan? Da yawansu na sha shayi da su. Ko guda bai ce a dakata ba." Ya gyara bakin rawanin. "Kai ma sau biyu kaz zo kana tambaya ta. Ka tambayi Alhaji, ka tambayi mai gadi, har akuya ka tambaya. Mutum guda kab bari."

 Ciɗo ya san gaskiya ce. Da ya ajiye kunya ya yi tambaya ɗaya ran Litinin, da yaron nan bai kwana a tsare ba. Ya tsaya yana kallo har Attaher ya sha kwanar kasuwa.

Daga nan ya kama hanyar gidan ɗiyarsa. Ba ya son wani ya riga shi kai labarin. A ƙofar gida ya tarar da ragon suna ɗaure yana cin harawa. A tsakar gida mata suna daka suna shewa, wata tana tankaɗe, hayaƙin ruwan jego yana tashi. Da suka gan shi suka yi mamaki, domin ba a saba ganinsa a gidan ba. Ya amsa gaisuwarsu da hannu ya wuce, ya tsaya a bakin labulen ɗakin mai jego. Jaririn yana 'yan ƙananan kuka a ciki.

Balkisu ta ji tsayuwar mutum, ta ɗaga murya cikin fara'a.

"Baban Safi, kai na? Tun ɗazu liman ya aiko, wai ka je ku yi maganar gobe."

Ciɗo ya dafa bango.

"Ni na, ɗiyata," ya ce. "Ajiye yaron, ina da magana."